Matambayi Ba Ya Ɓata: Na saba shiga rumbun bayanai kyauta, wai sai da lasisi zan nemi kuɗi da shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ɗauko, dukkansu daga nan Legas, kuma duk da masu su ba su san juna ba maganarsu ta zo ta haɗu a wuri ɗaya, wato rumbunan nan na intanet da masu bincike ke tara bayanan ƙwayoyin halitta da na cututtuka da na magunguna. Na farkon ya fi cin wuri don shi ne gindin maganar.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki ya iyali. Ni ɗan Agege ne nan aka haife ni, na yi digirina na farko da na biyu a fannin ƙananan halittu su bakteriya da sauransu. Lokacin muna makaranta kullum muna cikin NCBI da UniProt da KEGG da CARD ba wanda ya taɓa ce mana kawo ko sisi, to na gama bautar ƙasa aiki ya ƙi samuwa shine ni da wani abokina muka yi rajistar ɗan kamfani a CAC, masu gidan kaji da masu kiwon tarwaɗa na wajen Ikorodu da Epe suna kawo mana samfur mu tura a karanto DNA ɗin ƙwayar cutar, in sakamako ya dawo mu zauna gaban kwamfuta mu fassara musu, mu ce ga abin da ke kashe muku kaji ga kuma maganin da ta daina ji, su biya mu ɗan abin da ya sawwaƙa. To yanzu abokin nawa ya zo min da wata magana wai sai mun sayi lasin kafin mu ci gaba da amfani da waɗannan shafukan, ni kuma na ce abin da yake a buɗe ko kalmar sirri ba a tambayarka ina ruwan wani da kai? Har mun ɗan yi sa-in-sa. Kuma imel ɗina na makaranta har yanzu yana aiki in ma rajista ce. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani ɗan'uwa, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'ar nan albarka, wallahi na ji daɗin ganin matasanmu sun shiga irin wannan aiki maimakon zaman jiran takardar ɗaukar aiki. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma shi ma ba duka ya faɗa daidai ba, domin shafukan huɗu da ka lissafa ba hukuncinsu ɗaya ba.

Ka san masallatan unguwa da ke da bohol, akwai su nan Agege da yawa. Famfon a buɗe yake, ba kwaɗo ba mai gadi, mai alwala ya yi alwalarsa, mai ƙishi ya sha, ko yarinya ta zo da bokiti ba wanda zai ce mata kanzil. Amma ranar da mai ruwa ya turo kurarsa da jarkoki goma ya fara jerawa don ya kai cikin gari ya sayar, ai ka san ladan ko wani ɗan kwamiti zai fito ya ce malam dakata, mu ke sayen man janareta, mu ke gyaran injin in ya ƙone, in sayarwa za ka yi zo mu yi magana. Kuma akwai wani bohol ɗin da wanda ya haƙa ya ce wakafi ne, kowa ya ɗiba, mai sha da mai sayarwa duk ɗaya. A ido famfunan biyu iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne maganar da mai shi ya yi. Wannan maganar ita ake kira lasisi, kuma a rubuce take a ƙasan shafin inda yawancinmu ba ma taɓa sauka.

Bari in fara da wanda zai kwantar maka da hankali. GenBank, rumbun jerin DNA da ke ƙarƙashin NCBI, cibiyar bayanan halittu ta gwamnatin Amurka, wanda aka fara tun 1982, su da kansu sun rubuta cewa ba su sa wani takunkumi a kan amfani da bayanan ko rarraba su ba, ɗan kasuwa da ɗalibi duk ɗaya. Kashedi ɗaya suka yi, cewa wani daga cikin waɗanda suka zuba bayanan yana iya cewa yana da haƙƙin mallakar ƙirƙira a kan nasa, kuma su ba za su tsaya maka a wannan ba. Haka ENA na Ingila da DDBJ na Japan, su ukun kullum musayar bayanai suke yi, abin da ka zuba a ɗaya zai bayyana a sauran. PDB mai adana siffofin furotin, wanda ya faro a 1971, shi alamar CC0 gare shi, ma'ana sun yafe haƙƙin gaba ɗaya, wakafi sak. UniProt kuma, mai tara bayanan furotin, lasisinsa CC BY 4.0 ne, ka yi kasuwancinka da shi yadda kake so amma dole ka ambaci inda ka ɗauko, ka nuna lasisin, in ka canza wani abu ka faɗa. Layi biyu ne a ƙasan rahoton da kake ba kwastoma, ba zai ci maka komai ba, sai dai mutane da yawa ba sa yi kuma rashin yin saɓa sharaɗi ne.

To KEGG fa, mai taswirorin hanyoyin aikin ƙwayoyin halitta, nan abokinka ya kama ka. Farfesa Minoru Kanehisa ne ya fara shi a Jami'ar Kyoto a 1995, kuma sharaɗinsu a fili yake, mai karatu da mai binciken jami'a ya shiga shafin kyauta, wanda ba na jami'a ba sai ya sayi lasisin kasuwanci, kuma wani kamfani mai suna Pathway Solutions ke kula da wannan. Kai har ɗan jami'ar ma in zai riƙa yi wa wasu aiki da KEGG a matsayin hidima akwai nasa lasisin daban, sannan tun watan Yulin 2011 sauke rumbun gaba ɗaya sai da biyan kuɗin shekara ko da malamin jami'a ne. CARD na Jami'ar McMaster ta Kanada, wanda nake jin shi kuka fi dogara da shi wajen gano ƙwayar da ta daina jin magani, shi ma kyauta ne ga jami'a da gwamnati da masu aikin da ba na riba ba, kamfani kuwa sai da izini a rubuce. Kuma ku kamfani ne, ƙanana ko manya, tunda kuna da takardar CAC kuna karɓar kuɗi. Haka abin yake da OMIM na Jami'ar Johns Hopkins mai bayanin cututtukan gado, da COSMIC na cibiyar Sanger ta Ingila mai bayanin sauye-sauyen da ke jawo ciwon daji, in wata rana aikinku ya kai can.

Na san abin da zai zo maka a rai, wai ilimi ne kuma na Allah ne don me za a sayar. Ni ma ina son ilimi ya zama a buɗe, amma ka duba aikin da ke ciki. Taswirar nan ta KEGG da kake gani da kibiyoyi da akwatuna ba inji ne ya zana ta ba, mutane ne suka zauna suka karanta dubban takardun bincike ɗaya bayan ɗaya suka tace suka haɗa, kuma kullum sai an sabunta, waɗannan mutanen albashi suke ci, ga kuɗin kwamfutocin da ke riƙe da bayanan dare da rana. Swiss-Prot, wanda shi ne uban UniProt na yau, Amos Bairoch ya fara shi a 1986, a 1996 saura ƙiris a rufe shi don kuɗi ya yanke, daga baya suka koma karɓar kuɗi a hannun kamfanoni, sai da tallafi mai ƙarfi ya samu aka kafa UniProt a 2002 sannan aka sake buɗe wa kowa. Ka ga ke nan wanda yake kyauta ma wani ne ke biya a bayan fage, galibi harajin mutanen wata ƙasa. Wanda ba shi da wannan gatan sai ya ce to mai cin riba ya kawo nasa kason don ɗalibi ya ci gaba da shiga kyauta. Kai ma shekara nawa ka yi kana cin wannan gajiyar.

Maganar imel ɗin makaranta kuwa, ƙanena ka bar ta. In ka cike fom ka danna cewa kai ɗalibi ne alhali ka san aikin kamfani za ka yi, ƙarya ce ka yi a rubuce, ba ta da wani suna. Mu da aka karantar da mu cewa musulmi suna kan sharuɗɗansu, danna "na yarda" a kwamfuta alkawari ne kamar yadda tafawa a kasuwa alkawari ce, ko mai shi yana Japan bai san da zamanka ba. Kuma ba kai kaɗai abin zai shafa ba, in aka ga ana jidar bayanai ba ƙaƙƙautawa da sunan wata jami'a ana iya toshe hanyar jami'ar, ƙannenka da ke can suna rubuta furojet su za su sha wahalar.

In kuma tunaninka wa zai kama mu, bari in ba ka abin da na gani da idona. Kwanakin baya na shiga wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje, ba zan faɗi inda yake ba, matashin da ke wurin ya miƙo min rahoton da suke ba kwastomominsu cike da alfahari, takarda mai sheƙi an yi mata bango, a shafi na huɗu ga taswirar KEGG nan ɗungurungum an kwafo, an ɗora tambarin kamfaninsu a sama, har ɗan rubutun haƙƙin mallaka na masu ita yana nan a kusurwa ba su ma lura ba. Yaron kirki ne, bai san laifi ba ne. To wannan takardar ita ce shaidar, da hannunsu suke rabawa. Ranar da wani mai zuba jari ko wata ƙungiyar waje ta so yin aiki da su, abin da lauyoyinta za su fara tambaya shi ne ina izinin kayan aikin da kuka gina sana'arku a kai, kuma ciniki da yawa a nan yake mutuwa ba tare da an je kotu ba.

Abin da zan ba ku shawara, kada ku tsaya da aiki kuma kada ku ci bashi don sayen lasisi tun yanzu, domin kusan duk abin da kuke yi akwai hanyarsa ta halal kyauta. Wajen gano ƙwayoyin gadon ƙin jin magani NCBI na da manhajarta AMRFinderPlus da rumbunta, a buɗe suke. Wajen gane wace bakteriya ce akwai SILVA na Jamus, da can kamfani sai ya biya amma daga fitowa ta 138 suka mayar da shi CC BY, wanda ma ya nuna maka sharaɗi yana canzawa, na bara ba lallai ya zama na bana ba. Wajen hanyoyin aikin ƙwayoyin halitta akwai Gene Ontology da Reactome da WikiPathways, ba za su maye maka KEGG ɗari bisa ɗari ba musamman a ɓangaren bakteriya, gaskiya kenan, amma za su kai ku wani wuri. Sannan ku sayi littafi guda ko ku buɗe fayil, duk rumbun da kuka taɓa ku rubuta sunansa da lambar fitowarsa da ranar da kuka sauke da abin da lasisinsa ya ce a ranar, ku ɗauki hoton shafin ku ajiye.

In aiki ya bunƙasa kuka ga lallai sai KEGG ko CARD, ku rubuta musu da imel ɗin kamfani, ku faɗi gaskiya, mu biyu ne, a Legas muke, ga yawan samfurin da muke yi a wata, ga abin da muke so mu yi da bayananku, nawa za mu biya kuma akwai sassauci ga ƙaramin kamfani? Tambaya ba ta cin kuɗi. In takardar ta zo kada ku tsaya a kan farashi kawai, ku duba mutum nawa aka yarda su yi amfani da shi, an yarda ku sa abin da kuka samo a rahoton kwastoma ko amfanin cikin gida kawai aka ba ku (wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, ka biya kuɗi amma ba ka sayi abin da kake buƙata ba), an yarda ku ajiye kwafi a kwamfutarku, in shekara ta ƙare ba ku sabunta ba sai kun goge ne, tana sabunta kanta ne in ba ku ce komai ba, kuma in rigima ta tashi kotun wace ƙasa za a je. Da dala ko yuro za ku biya, kun san yadda naira take, ku lissafa da na baɗi. Ku tambayi bankinku da lauya ko yarjejeniyar na buƙatar rajista a NOTAP, hukumar da ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kafin ku tura kuɗi.

Wani abu a gefe tunda dabbobin mutane ne a hannunku, ganin ƙwayar gadon ƙin jin magani a kwamfuta ba ya wadatarwa a ce wa mai gona ba su kaza, a haɗa da gwajin magani a faranti kuma likitan dabbobi ne zai rubuta. Ka gaida abokin naka, ka riƙe shi da kyau.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar kantin magani ce a Idi-Araba kusa da LUTH, ni da ƙanena mai haɗa manhaja muna so mu yi wata ta waya da Hausa wadda in mutum ya sa sunan magani biyu za ta gaya masa ko suna karo da juna, saboda abin da nake gani kullum a kanta yana tayar min da hankali musamman iyayen masu sikila da tsofaffi masu hawan jini. Mun ga DrugBank yana da duk abin da muke so. Manhajar kyauta za mu bayar talla kawai za mu sa don a samu na data. Wannan ma kasuwanci ne?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya saka miki da alheri da wannan niyya, ana buƙatar abin nan sosai. Amma eh, ki ɗauka kasuwanci ne. DrugBank ya fito ne daga Jami'ar Alberta ta Kanada a 2006, kuma bayanan da suke ba masu binciken jami'a kyauta suna ɗauke da alamar NC, wato ba don neman kuɗi ba. Mutane na zaton in ba a karɓi kuɗi a hannun mai amfani ba shike nan an tsira, alhali abin da sharaɗin ke dubawa shi ne ko ana nufin samun amfanin kasuwanci ko wani biya da abin. Kuɗin talla kuɗi ne. Ko ba talla ma, in sunan kantinku na jikin manhajar tana jawo muku masu saye, mai rumbun na iya cewa amfanin kasuwanci ne, kuma ba ke za ki yanke wa kanki hukunci ba, su za ki tambaya su ba ki amsa a rubuce. Sannan zuba bayanansu a cikin manhaja a raba wa dubban mutane wani mataki ne daban da ki buɗe shafin ki karanta don kanki.

Akwai waɗanda suka fi sauƙi. PubChem na NCBI mai bayanan sinadarai a buɗe yake duk da cewa wasu bayanan cikinsa na wasu ne kuma da sharaɗin masu su suke tafe, DailyMed na ɗauke da takardun bayanin magungunan da aka yi wa rajista a Amurka, ChEMBL na Ingila mai bayanan sinadaran magunguna ya yarda da kasuwanci amma yana da alamar SA, ma'ana in kika gina wani rumbun a kan nasu kika fitar, naki ma da irin wannan lasisin za ki sake shi, ki tabbata kin yarda da haka tun kafin ƙanenki ya fara rubuta komai. Sunayen magungunan da ke kasuwarmu kuma ki duba Greenbook, jerin magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista, don sunan da ke jikin kwali a Idumota sau da yawa ba shi ne wanda ke rumbun Kanada ba.

Abin da ya fi damuna ma ba lasisin ba ne. Kusan duk waɗannan rumbunan sun rubuta cewa ba su ɗauki alhakin kuskure ba kuma bayanansu ba madadin likita ba ne. In kika fassara zuwa Hausa aka samu tuntuɓe a kalma ɗaya wata uwa ta daina ba ɗanta magani, wuyanki ne. Ki samu likita da wani masanin magunguna su bi kowane layi, ki fara da magunguna kaɗan da kika fi gani a kanta, kuma manhajar ta riƙa cewa a koma wurin likita kada a tsayar da magani da kai.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin digiri na uku ne a wata jami'a nan Legas amma wani kamfanin abincin dabbobi ne ke biyan kuɗin binciken nawa kuma su za su karɓi sakamakon. Ni ɗan jami'a ne ko ɗan kasuwa a wajen masu rumbun?

AMSA: Katin makarantarka ba shi ne ke yanke hukunci ba ɗan'uwa, inda sakamakon zai je shi ne. In kamfanin zai mallaki abin da ka gano ko ya riƙe shi a asirce don ya yi kaya da shi, masu rumbu da yawa suna lissafa wannan a aikin kasuwanci ko a cikin jami'a aka yi shi. Ka ɗauki yarjejeniyar da ke tsakanin jami'arku da kamfanin ka kai wa malamin da ke duba aikinka, ku rubuta wa masu rumbun tare, in lasisi ya zama dole kamfanin ne ya kamata ya biya ba kai ba. Ka yi wannan tun kafin ka kai babi na huɗu.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne ina sana'ar wake da gero a kasuwar Mile 12 sama da shekara talatin, jikana ne ya rubuta min wannan. Yana gaya min wai yanzu har irin wakenmu da jinin mutanenmu an karance an zuba a kwamfuta Turawa na ɗauka suna yin magani da iri suna sayar mana. In haka ne mu me muka samu? Kuma an taɓa zuwa unguwarmu ana ɗibar jini wai bincike na hana iyalina.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Tambayarku ita ce ɗaya gefen maganar da muke yi tun sama, kuma ba ku kaɗai ke yin ta ba, ƙasashe ne suka shekara da shekaru suna jayayya a kanta.

Jikanku bai yi ƙarya ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, mai reshe a Kano, tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe da dama, an kuma karance ƙwayoyin gadon wake an sa a rumbunan da kowa ke iya shiga. Wannan buɗewar ta amfane mu, da ita masu bincikenmu ke fitar da iri mai jure fari da mai saurin nuna. Haka lokacin korona, bayan an tabbatar da mutum na farko nan Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki cibiyar binciken ƙwayoyin cututtuka ta ACEGID da ke Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta irin su cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba, ta karance ƙwayar cutar ta saka wa duniya, shi ne na farko daga Afirka. Abin alfahari ne. Amma da rigakafi ya fito kowa ya ga su wa aka fara yi wa kuma su wa suka jira a ƙarshen layi, to a nan zuciya ke ɓaci, kuma da gaskiyarta.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2007 Indunusiya ta ƙi ci gaba da ba da samfurin murar tsuntsaye saboda ana yin rigakafi da shi a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba, kuma a cikin wannan yanayin aka buɗe rumbun GISAID a 2008, wanda sai ka yi rajista da sunanka ka yarda za ka ambaci waɗanda suka kawo bayanan kuma ba za ka raba wa wanda bai yi rajista ba. A 2010 aka yi yarjejeniyar Nagoya a Japan, ta fara aiki a 2014, ta ce wanda zai ɗauki tsiro ko dabba ko ƙwayar cutar wata ƙasa ya nemi izini kuma a raba amfanin. Sai dai ita an gina ta ne a kan abin da ake ɗauka a hannu, yanzu kuwa mutum ba ya buƙatar ƙwayar wakenku, rubutun cikinta kawai zai sauke yana zaune a ɗakinsa. Shi ya sa a taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 aka amince da wani asusu da manyan kamfanonin da ke cin riba da irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 cikin 100 na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin da ke riƙe da waɗannan albarkatu. Ni a ganina mataki ne mai kyau amma mai rauni, don ba a ɗaure kamfanonin da ƙarfin doka ba, kuma Amurka inda da yawansu suke ba ta cikin babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare nau'o'in halittu, wadda Nagoya da asusun suka fito daga cikinta. Don haka in kuka ce ba ku ga komai a hannu ba Baba, ba zan yi muku musu ba.

Jinin mutum kuma hukuncinsa daban, Nagoya ba ta shafe shi ba. Na fahimci dalilin da ya sa kuka hana iyalinku, duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau da gwajin maganin Trovan a kan yara ba zai ga laifinku ba. Amma ba zan ce ku rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin yawancin bayanan gadon ɗan Adam da ke rumbunan duniya na Turawa ne, namu kaɗan ne, shi ya sa wani gwajin ko wani maganin ba ya dacewa da jikinmu yadda ya kamata, ga sikila da ta fi yawa a ƙasar nan fiye da ko'ina tana jiran bincike. Shirin H3Africa da aka yi don binciken gadon mutanen Afirka ya sa kwamiti da sai ya amince kafin wani ya taɓa bayanan, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gado da na lafiya cikin masu tsananin sirri.

In sun sake zuwa, ku zaunar da su a tabarma, jikanku na gefe. Su nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ko na ƙasa wato NHREC ko na asibitin da suka fito, da lambar wayar da za a kira a tabbatar. Su karanta muku takardar neman yarda da Hausa, ba su miƙo Turanci su ce a dangwala ba. Ku tambaye su ina za a kai jinin, za a fitar da shi waje ne, shekara nawa za a ajiye, za a cire sunan mutum daga jiki, kamfani mai neman riba zai iya samun bayanan, kuma in mutum ya canza ra'ayi daga baya wa zai kira a cire nasa. Su bar muku kwafin takardar a hannu. In sun amsa duka kun gamsu, wanda ya ga dama cikin manyan gidan ya bayar, yara kuma sai da yardar iyayensu, in kuwa suka fara hanzari suna cewa mota na jira to ku sallame su.